Masu cewa Bahaushe ba ya karatu, ku zo mu yi magana

Duk sanda na ji an ce wai mu Hausawa ba mu da al'adar karatu raina ɓaci yake, balle in namu ne ya faɗa don kawai ya zo Turai ya ga mutane riƙe da littafi a jirgin ƙasa. Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Ringim, yanzu ina zaune a Birmingham ta Ingila, na ga can na ga nan, kuma wallahi maganar ba haka take ba.

Nan dai kam an tsara abin. Katin laburare kyauta ne, ki ari littafi ki tafi da shi gida, in ba ki gama ba ki ƙara wa'adi ta waya. Akwai kuma zaman masu karatu, galibi sau ɗaya a wata, a zaɓi littafi guda kowa ya karanta a gidansa, ranar haɗuwa a zauna da shayi kowa ya faɗi inda ya burge shi da inda ya gundure shi. Ina zuwa na unguwarmu, yawanci dattijan mata ne da suka yi ritaya, kuma ina jin daɗinsa sosai.

To amma don Allah mu ba haka muke yi ba? Ranar Lahadi in aka ci kasuwar Gujungu akwai mai baza littattafai a kan buhu, gefe guda Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ɗaya gefen kuma littattafan soyayya da ya saro daga Kano, na ɗaya na biyu na uku. Mutum ɗaya ce za ta saya amma sai littafin nan ya zaga unguwa kaf, yaran da ake aike su ne ke kai wa matan aure gida-gida a cikin hijabi, bango ya fita a ɗinke da zare da allura, shafin ƙarshe ya ɓata a nemo wadda ta karanta ta ba da ƙarashen da baki. Wadda ba ta yi boko ba bayan isha'i ake karanta mata a tsakar gida da fitila, kuma ita ce ma ta fi kowa zafi a musu, ki ji ana "Yaya kin kai inda uwar mijin ta zo?" "Ke don Allah kar ki faɗa min!", a kwana ana gardama kan ko uwargidan ce da laifi ko amarya. Tun shekarun 1980 da littattafan nan suka fara cika kasuwa, mata ne kan gaba wajen karanta su, da yawansu ma mata suka rubuta. Maza kuma nasu a zaure yake, bayan asuba ɗalibi ya ja baƙi malam ya fassara, in an haɗu a majalisa ka ji ana tambayar juna "kai wane babi kake a Risala?" In wannan ba tattauna littafi ba ne to mene ne?

Inda Turawa suka fi mu, a ganina, su ba sa ɓoyewa. Tsohuwa mai jikoki za ta ce labarin soyayya take karantawa kuma ba mai ɗaga kai ya kalle ta. Mu kuwa ƙarƙashin katifa ake turawa in an ji sallamar Baba. A 2007 har tara littattafan Hausa aka yi a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Ban musa ba akwai masu batsa a ciki, akwai su, amma yarinyar da ke karatu a ɓoye wa zai zauna da ita ya ce wannan marubuciyar ta yi daidai, waccan kuma ta kauce? Ba uwa ba malama, sai ƙawarta da suke sa'a ɗaya.

Abin da ya fi damuna yanzu ma waya ce. Ƙanwata karatu take fiye da yadda muka yi, amma duk a guruf na WhatsApp, marubuciya ta saki shafi kullum, wani kyauta wani sai an biya, kuma in kin duba abin da masu karatu ke cewa bai wuce "Allah ya ƙara basira" da "muna jiran ci gaba" ba, wadda ta yi ƙarfin hali ta ce an ja labarin da yawa sai a yi mata caa har a cire ta. A tsakar gidanmu kuwa kushewa ake yi sosai, ba a jin tsoron kowa. Innarmu da ake karanta wa yanzu sai dai a tura mata na saurare a memori ta saka a kunne ita kaɗai, in caji ya ƙare a kai wayar shagon mai caji a jira.

Zaman masu karatun nan Ingila ɗin ma ba komai ne ya yi min ba. Awa ɗaya na cika kowa ya ɗau jakarsa sai wani watan, ba mai ƙwanƙwasa miki ƙofa da daddare don ta ƙagu ta ji ƙarshen labari.

Ni abin da nake so mu da ke waje mu yi ba babba ba ne. Akwatin ƙarfe ɗaya, a cika shi da littattafan Hausa na labari da na tarihi da na addini, da littafin rubuta sunan mai aro, a ajiye a gidan malamar Islamiyya da mata ke shiga ba tare da an tambaye su ina za su ba. Ranar Alhamis da yamma tunda ba makaranta a haɗu, kowa ta faɗi abin da take karantawa, ita ma malamar ta faɗi nata.