Layin da sunanka yake, Alhaji

Na jima ina juya wannan magana, in rubuta in goge. Sai da na nemi izinin uwar yarinyar da ita kanta yarinyar, suka ce in rubuta amma kada in kama suna. Don haka wanda ya gane ya yi shiru, wanda bai gane ba kada ya biyo ni ta gefe da tambaya.

'Yar yayata ce, shekararta 15, tana aji biyar a sakandare. Bara da ƙaramar sallah ƙawarta ta ɗora hotonsu a sitatus, sun ci kwalliya, ba abin da ya fito sai fuska da lalle. Akwai wani ɗan ajinsu mai shekara 16 da ya taɓa cewa yana sonta, ta ce masa karatu ya kawo ta. Shi ne ya sauke hoton, ya yanko fuskarta ya yi sitika, ya rubuta wata kalma a ƙasa wadda ba zan maimaita ba, ya jefa a guruf ɗin aji mai mutum sittin da ɗoriya. Aka sha dariya. Da ya ga kasuwa ta karɓa, sai ya buɗe shafi da sunanta a ɗaya daga manhajojin nan na gajerun bidiyo, ya riƙa rubutu kamar ita ce ke neman maza, har da lambar wayarta a jiki.

Mako uku tana cikin wannan hali. Ƙarti da ba ta san daga inda suka fito ba suna kira da tsakar dare. Ta daina cin abinci, kullum ciwon kai, Islamiyya ma sai an yi da gaske. Sau biyu ana kai ta kemis, ana dawowa da maganin maleriya. A gidan suna uwarta ta ji labari, daga bakin wata da ta ja ta gefe ta ce, "Maman wance, ki dai sa ido a kan yarinyar nan taki."

Abin da Yaya ta fara yi da ta dawo gida, mari ne. Sannan ta ƙwace wayar ta kulle a durowa tana cewa, "Me ya kai hotonki waya tun farko?" Ba na cika ganin laifinta, kunya da tsoro ne suka rufe ta, kuma da yawanmu abin da za mu yi ke nan. Amma daga baya da na zaunar da yarinyar na ce me ya hana ta faɗa tun ranar farko, cewa ta yi, "Kawu, da na faɗa ai ni za a fara duka." Na buɗe baki na rasa abin da zan ce, don gaskiya ta faɗa. Yaranmu sun riga sun karance mu. Sun san kawo ƙara yana nufin rasa waya, wani lokaci har da rasa makaranta, shi ya sa suke haɗiye abin su mutu da shi a ciki.

To ga abin da ya sa na yi wannan rubutu. Duk sanda aka tayar da zancen cin zarafin yara a kafafen sada zumunta, a rediyo ko a mumbari ko nan Facebook, nasihar ɗaya ce: iyaye ku sa ido a kan 'ya'yanku mata, ku duba wayoyinsu, ku hana su ɗora hoto. Na yarda, a yi. Amma kullum gidan wanda aka cuta ake aika wa saƙo. Gidan macucin fa? Shi ba shi da uba ne? Daga sama ya faɗo da wayar a hannu?

Ni da mai unguwa muka je wurin uban yaron bayan la'asar. Mutumin kirki ne a ganin kowa, ɗan kasuwa, ba ya rasa sahun farko. Ya shimfiɗa mana darduma, aka kawo ruwa. Muka nuna masa komai. Ya yi salati, ya girgiza kai, sannan ya ce, "Malam, ai ka san yara, ƙuruciya ce. Ku yi haƙuri, zan yi masa faɗa." Na ce, "Alhaji, layin da ke cikin wayar nan da sunan wa aka yi rajistarsa?" Ya yi jim, ya ce da nasa. Shi ya sayi wayar don yaro ya yi shirin JAMB, shi ya bayar da lambar NIN ɗinsa aka haɗa da layin, shi ke tura kuɗin data duk wata. Amma sunan manhajar ma bai taɓa ji ba sai ranar.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan shari'a. In akuyarka ta tsinke ta shiga gonar maƙwabci da damina, ba akuyar ake kaiwa gaban mai gari ba, kai ake kira, a zagaya gona a ƙiyasta ɓarna ka biya. In ɗanka ya harba danƙo ya fasa gilashin motar wani, ba ka tsayawa jan zance, aljihu kake shafawa. In ka ba yaro babur ɗinka ya buge tsohuwa, kai ne a asibiti da kuɗin magani, kai ne a gidansu da ban haƙuri. Ba wanda ya taɓa jin an ce "ƙuruciya ce" an tashi taro a kan haka. To me ya sa in ɓarnar ta faɗa a kan mutuncin 'yar mutane, abin da ya fi gilashi tsada nesa ba kusa ba, sai uba ya zama ɗan kallo? A garin da magana guda ta isa ta sa a fasa aure bayan an sa rana?

Wasu za su ce akwai doka, a je ga hukuma. Akwai, amma ku duba ta da kyau. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da sashe na 24, wanda a da ya haɗa har da saƙon cin mutunci da na tsangwama, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Sai dai manya ne suka fi morar sashen, suna kama 'yan jarida da masu sukar su da shi, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2024 aka yi masa gyara aka taƙaita shi ga saƙon batsa da ƙaryar da aka shirya don tayar da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari, ban da ɓangaren barazana da ke nan daram. Gyaran ya yi daidai, na goyi bayansa. Amma ma'anarsa ita ce, irin izgilin da ke hana yarinya barci, sitika da habaici da dariyar mutum sittin, ba lallai ya shiga wannan raga ba. Saura ɓata suna a kundin Final Kod (dokar laifuka ta Arewa), wanda ke da ɗaurin da ya kai shekara 2, da kuma ƙazafi a jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci, bulala 80 kamar yadda ya zo a Suratun Nur. Kuma kada wani ya ruɗi kansa da cewa ƙaramin yaro ba ya laifi a idon doka: wanda bai kai shekara 7 ba ne aka ɗauke wa alƙalami gaba ɗaya, sai ɗan ƙasa da 12 da bai mallaki hankalin gane abin da ya yi ba. Ɗan 16 ya wuce nan tuni.

Duk da haka ba mu je ofishin 'yan sanda ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Na farko, zuwa can yana nufin hoton zai bi ta hannun wasu mutum goma, labarin ya zagaye unguwa karo na biyu. Na biyu, ba na ganin kwana a bayan kanta tare da ɓarayin waya zai gyara ɗan shekara 16. Zai dai fito da sababbin abokai. Abin da nake so doka ta taɓa shi ne uban, kuma a nan ne take da giɓi. A tsarin da muka gada daga Ingila, zamanka uba kaɗai bai isa a ɗora maka ɓarnar ɗanka ba, sai an nuna kai ka sa shi ko ka yi sakaci. A Faransa ba haka ba ne, iyaye ke biyan diyyar abin da ƙaramin ɗansu ya ɓata ko da sun rantse ba su sani ba. Wato dai hukuncin mai akuya, su sun rubuta shi a takarda, mu mun bar shi a gona.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Italiya. A Janairun 2013 wata yarinya 'yar shekara 14, Carolina Picchio, ta kashe kanta a garin Novara bayan an yaɗa bidiyonta an bi ta da zagi. Ubanta bai zauna ba sai da aka yi doka a 2017. A ƙarƙashinta, yaron da ya kai 14 zai iya neman a sauke abin da aka ɗora a kansa da kansa, ba sai ya bi ta kan iyaye ba, kuma an ba masu shafin awa 48. Sannan shugaban 'yan sandan yanki yana da ikon kiran yaron da ya yi cutar, tare da uwarsa ko ubansa, ya yi masa gargaɗi a hukumance kafin abu ya kai kotu. Ku lura da "tare da uwarsa ko ubansa". Wannan fa ba ya buƙatar kasafin biliyoyi. Muna da masu unguwanni, muna da dagatai, a Kano muna da Hisbah da ta saba sasanci tun 2003, kuma jihar ta sa hannu a dokar kare yara a 2023. Abin da ya rage a ce duk wanda layi ke da sunansa, in aka cuci ƙaramin yaro da layin, dole ya bayyana, ya sa hannu, ya biya abin da aka kashe na magani da canjin makaranta. Ranar da aka caji uba na farko, za ku ga yadda iyaye za su koyi buɗe wayar 'ya'yansu cikin mako guda.

Kamfanonin kuwa ba na sa rai da su sosai. A takarda sun ce sai ɗan 13 zai buɗe shafi a Facebook ko Instagram ko TikTok, amma shekarar haihuwa yaro ke rubutawa da hannunsa. Ostireliya ta gaji ta yi doka a ƙarshen 2024 ta hana 'yan ƙasa da 16 gaba ɗaya, ta ɗora tarar a kan kamfanonin, wadda za ta iya kai kusan dalar ƙasar miliyan 50. Su suna da ƙarfin da za a saurare su. Mu goma sha ɗaya muka kai ƙarar shafin bogin nan, amsar da ta dawo ita ce bai saɓa ƙa'ida ba. Ban yi mamaki ba. Na'urar da ke tace zagi ina ta san gugar zana? Bahaushe zai iya tuɓe ka tsirara da kalmomi huɗu waɗanda in aka fassara su ɗaya bayan ɗaya sai ka ɗauka yabo ne.

Kuma mu manya kada mu yi fuska. Habaici da zambo ba waya ce ta kawo su ba, 'yan mata sun yi wa juna a dandali tun kakanninmu, sai dai can in an tashi gaɗa an tashi, gobe a haɗu a rijiya a shirya. Abin da yaran yau ke kwaikwayo namu ne. Ku shiga ƙasan kowane rubutun siyasa ko na malamai ku ga magidanta masu furfura suna zagin iyayen juna. A 2022 da bidiyon wasu ƙananan ɗalibai na wata makaranta a Legas ya fita, har sai da gwamnatin jihar ta yi gargaɗin cewa riƙe shi ko tura shi laifi ne mai ɗauri, don manya ne ke bin juna suna cewa a turo musu su gani. Yaron da ke zaune gefenka kana tura irin wannan a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai, da wane baki za ka ce masa Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun sunaye? Ya haddace ta kafin kai. Ɗan da ya yi wa 'yar yayata wannan aiki ma ya yi sauka.

Sharaɗi uku muka kafa wa Alhaji a gaban mai unguwa, bayan ya ga ba za mu tashi da "zan yi masa faɗa" ba. Yaron ya goge shafin a gabanmu. Ya yi saƙon murya a guruf ɗin da ya fara abin, ya faɗi sunansa, ya ce ƙarya ya yi mata. Shi kuma uban ya yi nasa saƙon a wuri guda, da muryarsa. Na biyun farko bai yi gardama ba. Na ukun ne ya yi masa nauyi, ya ce a rufa masa asiri, shi babba ne, yaya za a yi ya shiga cikin yara yana ba da haƙuri. Mai unguwa, Allah Ya saka masa, ya ce, "Alhaji, ita ma yarinyar asirin take so a rufa mata, ga shi an yi mako uku ana yawo da shi." Sai da aka kira magariba sannan ya karɓi wayar ya yi magana, daƙiƙa arba'in, muryarsa na rawa.

Daga cikin mutum sittin ɗin nan, huɗu ne suka kira ta suka ba ta haƙuri. Iyayen sauran ba na jin sun san an yi. Yaya ta mayar mata da wayar da sabon layi, an canza mata makaranta a zango na gaba, mu muka biya. Sitikar kuwa tana nan a wayoyin da ba mu san adadinsu ba, wata uku da suka wuce wani ya sake jefa ta a wani guruf da ba shi da alaƙa da makarantar. Da babbar sallar nan an taru a gidan Hajiya ana hoton dangi, aka yi ta kiranta, ta ce a ba ta wayar ita za ta ɗauka.