Wanda ya je Japan ya nemi shiga kicin ɗin mutanen gari

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Japan, ko don karatu ko kasuwanci ko yawon buɗe ido, shawarata gare shi ita ce ya ware rabin yini ya halarci darasin girki irin wanda ake yi a cikin gida. A Tokyo da Kyoto da Osaka akwai mutanen da suke karɓar baƙi kaɗan a kicin ɗinsu: a yi rajista ta intanet, a biya kuɗi, a dafa tare, sannan a zauna a ci tare. A ganina wannan ya fi zuwa gidan abinci mai tsada amfani, musamman ga Musulmi.

Yawancinmu da zarar an ambaci abincin Japan sai sushi, wato shinkafa mai ɗan tsami da ake haɗawa da kifi, ya faɗo mana a rai, alhali ba shi ne cimar yau da kullum a gidajensu ba. Tsarin da suka gada shi ne shinkafa da miya ɗaya da ƙananan mahaɗai uku, galibi kifi da ganyaye da abincin da aka sarrafa daga waken soya. Lokacin da UNESCO ta sanya washoku, wato abincin gargajiyar Japan, cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kariya a Disamban 2013, al'adar girki da cin abincin baki ɗaya ta karrama, kuma mazaunin wannan al'ada shi ne gida.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a koya shi ne dashi, wato romon da miyarsu da yawancin dahuwarsu suka dogara a kansa. Abu biyu ake haɗawa: kombu, wani busasshen ganyen teku da akasarinsa daga tsibirin Hokkaido ake samo shi, da katsuobushi, kifin da aka dafa, aka ƙyafe shi har ya yi tauri kamar itace, sannan aka kankare shi siriri. Ana jiƙa ganyen a ruwa, a ɗora a wuta, a tsame shi kafin ruwan ya tafasa, domin idan aka bari ya tafasa romon zai yi yauƙi da ɗaci. Sai a zuba kifin na ɗan lokaci kaɗan a tace. Ana iya karanta wannan a littafi, amma sanin daidai lokacin da za a tsame ganyen sai an tsaya kusa da wanda hannunsa ya saba. Mu ma ba baƙin wannan ɗanɗano ba ne. Daga kombu ne masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya gano sinadarin da ke kawo shi a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909, kuma shi ne farin magin da yake cike da kasuwanninmu a yau.

Babban dalilina kuwa shi ne batun halal. Wanda ya guje wa naman alade a Japan bai gama ba, domin giya tana shiga girkinsu a matsayin kayan ɗanɗano. Mirin, wanda ke sa abinci zaƙi da sheƙi, na asalinsa yana ɗauke da giya kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ana zuba sake, giyar shinkafa, a dahuwar kifi da nama. Ruwan ɗanɗano na waken soya, wato soy sauce, shi ma yakan ƙunshi 'yar giyar da tsimuwarsa ta haifar, shi ya sa ake yin wani nau'insa mai shaidar halal. A gidan abinci ma'aikaci zai iya rantse maka da gaskiyarsa cewa babu alade a kwanonka, bai kuma yi tunanin mirin ba, saboda shi a wurinsa kayan miya ne. A kicin kuwa kwalbar tana gabanka, za ka gane siffarta da rubutun jikinta, ka san irin abincin da ba ya rasa ta, kuma wannan sanin zai yi maka amfani a sauran kwanakin tafiyarka. Sharaɗin kawai shi ne a sanar da mai koyarwa tun lokacin rajista, a rubuce kuma dalla-dalla, don ya tanadi kifi ko tofu, wato awara, a madadin nama, ya kuma sa sukari a gurbin mirin.

Masu sukar irin waɗannan darussa suna cewa ciniki ne aka lulluɓe da rigar karɓar baƙi. Ciniki ne mana, kuma babu aibi a ciki matuƙar baƙo ya san ba zumunci ya saya ba. Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce wasu darussan sun koma wasan ɗaukar hoto, inda an riga an dafa shinkafar an yanka kifin, abin da ya rage wa baƙo shi ne ya naɗe ya yi murmushi. Saboda haka a zaɓi darasin girkin gida, irin wanda mutanen Kyoto ke kira obanzai, inda za ka wanke shinkafa da hannunka, ka naɗe wainar ƙwai ta tamagoyaki a kaskonta mai kusurwa huɗu, ka kuma ji dalilin da ya sa suke fara zuba sukari kafin gishiri, suke barin miso, wato kwaɓin waken soya da aka tsima, sai ƙarshe don kada tafasa ta kashe ƙamshinsa. A je a kan lokaci, domin ba sa wasa da alƙawari, kuma a sa safa mai tsabta, tunda a bakin ƙofa ake cire takalmi.