Talla a Ƙarƙashin Sanarwar Rasuwa

Jiya da daddare wani ɗan unguwarmu ya rubuta a Facebook cewa Allah Ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa, za a yi jana'iza da safe. Jama'a na ta zuba addu'a. Ina cikin karantawa sai ga wata baiwar Allah ta rubuta "Allah Ya jiƙan Mama", a ƙasa kuma ta liƙa hoton turaren wuta da humra da lambar waya, wai akwai sari akwai ɗai-ɗai, ana aikawa ko'ina. Ban gama salati ba wani saurayi ya biyo baya da adireshin shafinsa na sayar da data. Ga gawa can kwance a ɗaki ko wanka ba a yi mata ba.

Ƙannena maza da mata, me ya same mu ne?

Kada wani ya ce sana'a nake ƙi. Yarinyar da ke zaune a ɗakinta a Gusau tana sayar da atamfa ga mutanen Abuja ta waya, albarka nake sa mata, ta fi mai zaman kashe wando sau dubu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne cusa haja inda ba a kira ka ba. An buɗe zauren WhatsApp na dangi don a haɗa kuɗin asibitin wani kawu, kai ka cika shi da hotunan takalma. Zauren masallacin unguwa, inda ake sanar da lokacin tafsiri, ke kin jefa bidiyon man bilicin. Mutum ya kwanta lafiya, ya farka ya tarar an tsoma shi cikin zaure uku da bai san kowa a ciki ba, ya fita, a sake mayar da shi. Wannan kamar ka ɗauki faranti ka kutsa tsakiyar zaman makoki kana "ku sayi goro" ne, kuma kowa ya san abin da dattawa za su yi wa yaron da ya gwada haka.

Annabi (SAW) ya ce idan kuka ga mai saye ko sayarwa a masallaci ku ce masa kada Allah Ya sa riba a cinikinka. Ciniki halal ne, amma yana da muhalli. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Yanzu rabin sirrin mutum a wayarsa yake, kai kuma ka faɗo masa da ƙarfe ɗayan dare da "Hajiya ga sababbin kaya", babu ko sallama.

Abin takaicin ma, garajen ba ya kawo ciniki. Su kansu masu WhatsApp sun tsara cewa saƙon da ka watsa wa mutane da yawa a lokaci guda ba zai isa ba sai ga wanda ya adana lambarka, wato wanda ya yarda da kai. Tun 2018 suka fito da WhatsApp Business, inda za ka jera hajarka da farashinta, mai so ya leƙa da kansa. Ga status, awa 24 yake yi, babu wanda aka tilasta wa kallo. Amma idan mutane suka gaji da kai suka riƙa kai ƙarar lambarka, ana iya rufe ta a WhatsApp, ka wayi gari babu WhatsApp ɗin babu kwastomomin. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Garaje kuma ba ƙarfi ba ne.

Ban ma taɓo masu ɗauko hoton kayan wani su ce nasu ne ba, ka biya kuɗin leshi a kawo maka abin da ko labule ba zai yi ba. Da masu ɓoye farashi, sai ka bi su ta akwatin sirri su duba hotonka su yanka maka kuɗi daidai da shaddar da ke jikinka. Algus ne, ko da wane suna aka kira shi. Amma ko su ban gan su a ƙarƙashin gawa ba.

Ku tambayi iyayenku yadda dillaliya take shiga gida a da. Za ta yi sallama, ta zauna, ta tambayi maigida da yara, sai an sha ruwa sannan ta kwance ƙullinta. In ta tarar da rashin lafiya ko rasuwa, ƙullin nan ba zai buɗu ba, da shi za ta koma. A Kantin Kwari da Kasuwar Kurmi maƙwabcin rumfa kan rufe tasa ya bi gawa har maƙabarta, cinikin ranar ya wuce. Mutanen nan ba su san intanet ba, amma suna da abokan ciniki na shekara talatin, har 'ya'ya su gaji hulɗar.

Ku gyara, don Allah. Ku ji kunya kaɗan. In an yi rashi, ku rubuta addu'arku ku ajiye wayar. Yau an kai mu inda wanda aka yi wa rasuwa sai ya zauna yana goge tallan humra daga ƙarƙashin sunan mahaifiyarsa, a daren da ya kamata a ce yana karɓar gaisuwa.