Bakin manya da kwanon yara: magana kan ciwon rikicewar cin abinci

A wani gidan suna da aka yi a unguwar Gwale kwanakin baya, wata gwaggo ta kama hannun yarinya 'yar shekara goma sha uku, ta ɗaga shi sama a gaban mata, ta ce: "Ke kuwa ba a ba ki abinci ne a gidanku? Wa zai aure ki a haka kamar sillen kara?" Aka kwashe da dariya. Kafin a watse, ita dai wannan gwaggo ta dubi yayar yarinyar tana cin waina, ta ce mata ta rage hannu domin ta fara zama buhun gero. Matar gidana ce ta ba ni labarin, kuma abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda babbar ta ture farantin a hankali, ba ta sake kai loma ba har suka tafi.

Ra'ayina shi ne, mafi yawan abin da iyaye a Kano za su iya yi don kare 'ya'yansu daga ciwon rikicewar cin abinci yana bakinsu ne da bakin danginsu, tun kafin a je ga likita. Mun daɗe muna ɗaukar wannan ciwo a matsayin cutar Turawa da 'ya'yan masu kuɗi, a ganinmu inda ake fama da tsadar kwanon masara ba za a samu mai ƙin abinci da gangan ba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da shi a duniya, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Akwai anoreksiya, wadda likitan Ingila William Gull ya raɗa wa suna a 1873, inda mutum ke hana kansa abinci saboda tsoron ƙiba ko da ya zama ƙashi da fata, kuma tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa. Akwai bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979, inda ake cin abinci mai yawa a lokaci guda, sannan a tilasta wa kai amai ko a sha maganin da ke sa gudawa. Akwai kuma yawan cin da mutum ba ya iya tsayarwa, wanda yakan yi a ɓoye cikin kunya.

Wanda yake ganin al'adarmu ta son jiki mai ƙiba ta isa garkuwa, ya dubi abin da ya faru a tsibirin Fiji da ke tekun Fasifik, inda su ma cikar jiki ce ado. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995, kuma binciken Anne Becker ta jami'ar Harvard ya nuna cewa a wannan shekara babu ɗalibar da ta ce tana jawo amai don rage jiki, amma zuwa 1998 kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Shekara uku kacal ke nan, kuma talabijin ce da ake kallo a tsakar gida tare da kowa, balle wayar da 'yarka take riƙe da ita cikin bargo tana zagaya TikTok da Instagram.

Namu ma ya fi nasu sarƙaƙiya, domin ta fuska biyu muke matsa wa yarinya. Mai jiki ana tallata mata shayin rage tumbi, wanda galibinsa magani ne mai sa gudawa da yawan fitsari. Siririya kuma ana nuna mata hanyar kemis ta sayi "sha ka fashe", wato ƙwayoyi irin su dekzametazon da sifroheptadin. Na farkon ba ƙibar lafiya yake sawa ba, yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, kuma yawan shansa yana jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Abin takaici shi ne sau da yawa uwa ce ko ƙanwar uwa take kawo shi da hannunta da sunan gyaran amarya. Yarinyar da ta koyi cewa jikinta kaya ne da ake gyarawa da ƙwaya don a samu mai saye, ba za ta sake zama lafiya da abinci ba cikin sauƙi.

Ba ina cewa iyaye ne kaɗai sanadi ba. Gado yana da hannu, haka nan damuwa da tsangwamar 'yan makaranta da halin son komai ya fita ba aibu. Sai dai harshe yana hannunmu. Allah ya hana jifan juna da miyagun laƙabobi a cikin Suratul Hujurat, aya ta 11, amma mun mayar da "lukuti" da "tsinke" sunayen wasa, har su bi yaro zuwa girma, kuma samari ma ba su tsira ba. Uwar da kullum take tsayawa gaban madubi tana tsine wa tumbinta, ta sani akwai mai sauraro a bayanta. Idan gwaggo ko kaka ta yi irin waccan magana, ba sai an yi faɗa ba, ya isa uba ya ce cikin ladabi: "Hajiya, lafiyarta ƙalau, haka Allah ya yi ta." Yarinyar za ta ji an tare mata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun ɗura, wadda har gobe ana yi wa jarirai, a toshe hanci a zuba koko a tafin hannu. Ban da haɗarin kokon ya faɗa huhu, darasin farko da yaro yake koya shi ne cewa ƙoshinsa ba shi da daraja. Daga nan sai a wuce zuwa "ka cinye ko ka sha bulala", da hana tuwo a matsayin horo, da alawa a matsayin lada. Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu: iyaye su zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma ya zaɓi yawan da zai ci. Mu da muka san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, idan ya so ya ci, idan bai so ba ya bari, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Cin abinci tare a faranti ɗaya, wanda muke ta yasarwa kowa ya ɗauki nasa ya shige ɗaki, shi ne wurin da ido yake ganin canji. A nan ne uwa za ta lura cewa 'yarta kullum tana cewa ta ci a makaranta, ko tana juya tuwo ba ta kai shi baki, ko tana tashi zuwa banɗaki da zarar an gama. A cikin gidajenmu akwai wata mafaka da ke da wuyar tambaya, wato azumin nafila. Yarinyar da ta wuce Litinin da Alhamis ta koma yi kusan kullum, ba sahur, buɗa-baki kuma dabino da ruwa, tana buƙatar a zauna da ita, ba yabo kawai ba. Idan aka haɗa da jiri da yawan jin sanyi da zubewar gashi da ɗaukewar al'ada, to maganar ta wuce gida.

A irin wannan hali mukan fara da cewa sammu ne ko aljanu, a yi ta ruƙiyya watanni yarinya tana ƙarewa. A yi addu'a, amma a kai ta asibiti a makon, domin yunwa da yawan amai suna rikita gishirin jini har zuciya ta tsaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Hanyar maganin da ta fi samun karɓuwa ga masu anoreksiya 'yan ƙasa da shekara 18, wadda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, iyaye take ɗora wa aikin: su zauna da yarinyar a kowane cin abinci, ba zagi ba duka, har jikinta ya dawo, abin da yakan ɗauki watanni.