Barcin dare ɗaya ba ya wanke giya daga fitsari

A unguwar Nima ko Mamobi da ke birnin Accra, idan matashi zai je gwajin lafiya don neman aikin direba, za ka ji abokansa na ce masa: "Kai dai ɗirki ruwa, ka sha shayi mai zafi, ka kwanta, gobe fitsarinka fes." Wannan lissafin dokin rano ne.

Hanta ce ke narkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na giyar da mutum ya sha, kuma ba ta gaggawa: abin da take iya sarrafawa a awa ɗaya bai wuce ƙaramin kofi ɗaya na akpeteshie, wato barasar gargajiya ta Ghana, ba. Ruwa, wanka ko waakye (shinkafa da wake) mai yaji ba sa ƙara mata gudu.

Gwajin ma iri biyu ne. Wanda ke neman ita kanta barasar yakan gan ta har tsawon awa 12 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Amma akwai wanda ke farautar sawun da ta bari, wani sinadari da ake kira EtG. Shi yakan kwana ɗaya zuwa uku, idan an sha an yi tatul kuwa har kusan awa 80. Wato wanda ya sha daren Juma'a, safiyar Litinin na iya tona shi.

Mai ɗirkar ruwa kuma, a ɗakin gwaji ana auna kaurin fitsari. In ya tsinke ya zama kamar ruwan famfo, sai a ce a sake kawowa.

Wanda bai taɓa sha ba ma ya kula: maganin kurkure baki mai barasa na iya barin ɗan EtG, don haka ya sanar da mai gwajin tun kafin a miƙa masa kwalbar.