Ana Son Tayar Da Matattun Tsuntsaye, Masu Rai Ba Mai Ƙirga Su

Tun da kamfanin Colossal Biosciences na birnin Dallas a Amurka ya yi shela, a watan Yulin 2025, cewa zai dawo da moa, ƙaton tsuntsun nan na New Zealand da ya ƙare kimanin shekara 600 da suka wuce, abin yake ci mini rai. Ba yau suka fara ba. A Janairun 2023 sun yi irin wannan alkawari kan dodo, ba dodon tatsuniya ba, tsuntsun tsibirin Mauritius da ba ya tashi, wanda rabon da a sa shi a ido tun wajen 1662. A lokacin suka ce masu zuba jari sun ba su dala miliyan 150. Kafafen labarai suka ɗauka suna ta yayatawa, mutane na ta tafi.

Wannan ihu ne bayan hari. Abin da za a iya yi a ɗakin gwaji shi ne a ɗauki ƙwayoyin halittar wata tattabara mai rai, 'yar uwar dodo ta nesa, a yi musu kwaskwarima har a samu tsuntsu mai kama da shi. Kama da wane ba ta wane. Amma ba nan ne babbar damuwata ba. Damuwata ita ce abin da wannan tallar ke cusa wa masu mulki a rai, cewa ƙarewar halitta ba ƙarshe ba ce, in ta ɓata a gyara daga baya. Kuma sun ji. A Afrilun 2025, da kamfanin ya nuna wasu kyarketai da ya ce irin na dā ne da suka ƙare ya farfaɗo da su, sakataren cikin gida na Amurka, Doug Burgum, ya fito yana yabo, yana nuna cewa ƙirƙirar sabbin fasahohi ya kamata a sa a gaba wajen ceton dabbobi, ba dokoki ba. A shekarar ne kuma kasafin da gwamnatinsa ta gabatar ya nemi a soke sashen binciken halittu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, inda ofishin sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa don bin diddiginsu yake, ofishin da ke aiki tun 1920.

Masu kare kamfanin za su ce kuɗin 'yan kasuwa ne, kuma fasahar za ta amfani masu rai wata rana. To, tsuntsun da ke mutuwa bana ba zai jira wata rana ba.

Tsuntsu ba ya ƙarewa da ƙara. A hankali yake zamewa daga idon mutane, bana ka ga ashirin a kan bishiya, baɗi sha biyar, bayan shekara goma ka ɗaga kai ka ga wayam, ka kasa tuna ranar da ka yi musu ganin ƙarshe. Yaron da ya tashi a lokacin kuwa zai ɗauka haka sama take tun fil azal. Ba abin da ke kama wannan satar sai ƙidaya, kuma ƙidaya aiki ne mai gundura, ba ya hoto, ba ya jawo masu jari.

Dubi yadda ake yin ta a Arewacin Amurka tun 1966. Mutum zai tashi da duku-duku a lokacin da tsuntsaye ke sheƙa, ya kama hanyar da aka ware masa tun rabin sa'a kafin fitowar rana. Ya tsaya, ya kashe mota, ya fito, ya yi minti 3 cif yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa. Ya ƙara gaba kamar mita 800, ya sake tsayawa. Sau 50. Baɗi ya dawo hanyar nan, ya tsaya a wuraren nan. Galibinsu 'yan sa kai ne, ba a biyansu ko sisi. Daga irin waɗannan takardu masu cike da lambobi aka gano, a 2019, cewa yankin ya yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970. Da ba su ba, da har yanzu ana gardama.

Labarin ungulu a Indiya shi ne ya kamata ya hana kowane mai tsara kasafi barci. Ungulayen can sun kai miliyoyi, sun yi yawan da ba wanda ya ga dalilin damuwa da su. A ƙarshen shekarun 1990 wani masani, Vibhu Prakash, da ya daɗe yana ƙirga sheƙunansu a gandun Keoladeo, ya lura lissafi ya daina fita. Ana ganin ungulu a kan reshe ta sunkuyar da kai, wuya ya langaɓe har ƙirji, kwana kaɗan ta faɗo. In aka feɗe ta sai a tarar da wani farin gari kamar alli ya lulluɓe hanta da zuciya, alamar ƙoda ta tsaya. Sai a 2004 aka tabbatar da mai laifi: diclofenac, maganin ciwo mai arha da ake yi wa shanu allurarsa. Saniya ta mutu da maganin a jiki, ungulu ta ci mushen, shi ke nan. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma tsakanin 1992 da 2007 wani jinsin ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka ƙaru, ruwa ya gurɓata. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka ko an daina kashe ta yau, komawarta yadda take aikin shekaru ne masu yawa.

A Afirka ta Yamma ma mutum ɗaya ne ya tona asirin. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar a mota tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga shaho da shirwa da ungulu da mikiya. Bayan shekara 30 ya dawo ya bi hanyoyin nan dai. Manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandayen da ake karewa. Shekara 30 ana wannan ɓarna ba wanda ya sani, don ba wanda ya duba a tsakani. Ƙaramar ungulu da kowa ya raina saboda yawanta, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka ta cikin masu dab da ƙarewa, kuma a 2020 guba ta kashe fiye da 2,000 a Guinea-Bissau kaɗai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a tsibirin dodon kansa akwai darasin da aka ƙi ɗauka. A 1974 ɗan ƙaramin shahon Mauritius guda 4 kacal aka sani sun rage a daji. Wani masanin halittu, Carl Jones, da abokan aikinsa suka riƙa hawa duwatsu, suna ɗauke ƙwai daga sheƙa su ƙyanƙyashe a na'ura don uwar ta sake yin wasu, suna kafa akwatunan sheƙa, suna kama dabbobin da ke cinye 'yan tsaki. Yau ɗaruruwa ne ke shawagi. Haka aka yi da babbar ungulun California: 27 suka rage a 1987, aka kama su duka aka kiwata, yanzu sun haura 500. Ba a ceci ko ɗaya daga cikinsu da shela ba. An cece su ne don akwai wanda ya san adadinsu tun da sauran numfashi.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatoci su ware wa ƙidaya kuɗi na dindindin, ba tallafin shekara 3 da ke ƙarewa kafin lambobi su fara magana ba. A horar da mutanen da ke zaune kusa da tsuntsayen, a biya su. A hana sayar da gubar da aka riga aka san tana kashe su. Masu jarin da ke son sunansu ya shiga tarihi kuma, ga ƙofa a buɗe: ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta ce, a 2022, jinsin tsuntsu 1 cikin kowane 8 na fuskantar ƙarewa, su zaɓi ɗaya.

A Nuwamban 2024 masana suka bayyana cewa wani tsuntsun bakin ruwa mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda ke kai-kawo tsakanin Siberiya da gaɓar Bahar Rum, ya ƙare. Ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar a Maroko ne, a Fabrairun 1995, a idon mutanen da har yau suna raye. Ya tafi ba a ma gama sanin inda yake yin sheƙa ba.