Yadda amfilifayata ta yi gulmata a dinar mutane

Tunda bidiyon kiɗan jitar da na yi a dinar aminina ya riga ya zaga, har waɗanda ba a gayyata ba suna turo mini shi, gara in faɗi yadda aka yi da bakina. Abin da ƙanin ango ya ɗora a sitatus rabin zance ne, kuma shi ma zan zo kansa.

Kun san ango in ya nace. Shi ya ce lallai sai na kaɗa jita a dinarsa, wai amarya na son kiɗan nan na samarin Agadas. Na ce to. Na koma ɗaki, na sa abin kunne saboda Baba, na kunna metronom, abin nan mai ƙirga bugun kiɗa, a waya daga bugu 60 a minti, ba na ƙara sauri sai yatsuna sun daina tuntuɓe. Kiɗan a kunne ba wuya, sauti biyar ake ta zagayawa a kai, kuma kunnen Bahaushe ya saba da irinsa. Wahalar tana hannun hagu. Sau ɗaya za ka bugi tsirkiya, sauran sautin da yatsa za ka fito da shi, ka danna ka fizge, ka danna ka fizge, kuma kada ka kuskura ka fita daga bugun. Sai da kan yatsuna suka yi kanta. Ga hunturu, itacen wuyan jitar ya bushe, saiti sai zamewa yake, ƙarafan da ke jere a wuyan sun leƙo ta gefe suna kartar hannu. Na sauya tsirkiyoyin shida tun da sauran lokaci, masu kaurin 10 zuwa 46, na jajja su suka zauna. Amfilifayar kuwa, wato akwatin da ke fitar da sautin jitar, gwanjon Amurka ce mai cin wuta 120, tamu kuma 230 ce, don haka duk inda za ta sai da taransifomarta ta rage wuta. Ina lissafa wannan ne don a san ni dai na yi nawa.

Abokina Dogo ne ya kawo maganar wayales. Wai ba a tsayawa wuri ɗaya da igiya a ƙafa, sai ana shiga cikin mutane. Shi ya ja ni Sabon Gari, shi ya yi ciniki, muka taho da wani mai arha wanda ko suna babu a jikinsa. Guda ka maƙala a jita, guda ka ɗora a kan amfilifaya. Masu tsada suna da tashoshi da yawa, in wani ya shigo maka sai ka sauya. Wannan tasha ɗaya gare shi tal, a kanta aka haife shi, a kanta zai mutu. A gida ya yi aiki lafiya lau, har daga zaure na gwada.

Ranar dina, a wani ɗakin taro can wajen Nassarawa, aka ba ni lungu kusa da ƙofar gefe na jera kayana. An gama cin abinci, MC ya kira ni da kirari har da "gagara gasa", DJ ya sauke makirufon MC ɗin don a ji ni ni kaɗai, shi kuma MC ya sulale ya fita ta ƙofar nan da ke bayan amfilifayata.

Farkon abin, wallahi ya yi daɗi, kuma ina da shaidu. Na taka fedal ɗin da ke sa sauti ya yi kaushi, na taka na amsa-kuwwa, wanda na saita ya riƙa maimaita kowane sauti sau uku yana dusashewa. 'Yan mata suka fara tafi daidai da bugu. Na ga Dogo yana yi mini alama da hannu, wai in shiga. Na ratsa tebura, na ratsa iyaye mata, na isa har gaban kujerar ango da amarya, can ƙarshen ɗakin. Na durƙusa da gwiwa ɗaya, na ɗaga wuyan jita sama, na lumshe ido, na nufi wurin nan da na fi shan wahala a kansa.

Sai sautin ya ɗauke.

Hannuna na tafiya, ba abin da ke fita. Jitar lantarki gungumen katako ce, ba ta da ciki kamar garaya, in ba amfilifaya ko na kusa da kai da ƙyar ya ji ƙirin-ƙirin ɗin waya. Ban buɗe ido ba, na ɗauka zai dawo. Abin da ya dawo shi ne ƙarar tauna. Wani yana cin nama a cikin amfilifayata. Sai aka yi gyaran murya, murya mai kaushi saboda ta bi ta fedal ɗina, aka ce, "Ina jin ka, ina wajen aiki ne." Amsa-kuwwa ta karɓa: aiki ne, aiki ne, aiki ne.

Daga baya na gane makirufon MC da wayales ɗina tasharsu ɗaya. Shi abin kamawar in ya ji sigina biyu a tasha guda, wadda ta fi ƙarfi yake bi ya watsar da ɗayar. Ni na yi nisa, jikin mutane ya tare ni, shi kuwa MC yana tsaye bayan ƙofa dab da amfilifayar, makirufo a kunne a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Amma wannan duk ilimin bayan fage ne. A lokacin ni dai ina durƙushe.

"A'a, ba ni ba ne, wani abokin ango ne ya ce sai ya yi. Wai jita."

Wai jita, wai jita, wai jita.

Mutane suka ɗauka cikin wasan ne. Har wani bawan Allah a teburin abokan aikin ango ya tafa. Ni kuma duk wanda ya koya maka kiɗa zai ce in matsala ta taso a gaban jama'a kada ka tsaya, don haka ban tsaya ba. Na ci gaba da danna-fizge, danna-fizge, babu sauti, gwiwa a ƙasa, sabuwar shaddar anko tana sharar tayil.

"Wallahi ƙato, har da gemu. Ka ga kayan da ya kwaso kuwa? Adaidaita guda ya cika. Ni dai na ba shi minti biyar ya yi ƙwaramniyarsa, mutane su samu su zaga banɗaki."

Banɗaki, banɗaki, banɗaki.

Nan na buɗe ido. Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta sai rawa suke. Ango, aminina tun firamare, ya cusa baki cikin hannun babbar riga. DJ ya ruɗe, yana ta murɗe duk abin da ke gabansa, alhali maganar ba ta wajensa take fita ba. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya kashe ɗan kiɗan da ke tashi ƙasa-ƙasa, ɗakin ya yi tsit, aka ƙara jin mutumin tar. Na miƙe na nufi amfilifaya. Hanyar da na bi ɗazu ina taƙama, yanzu kowa ya juyo da kujerarsa ya tare ta, kan jitar yana ta dungurar gwaggwaron mata, ina "sannu Hajiya, yi haƙuri Hajiya." Saura teburi biyu in isa ya ƙarasa ni.

"An ce ma ko aure bai yi ba. To wa zai ba shi?"

Na fizge filogi a tsakiyar "ba shi" na biyu.

Sai ga MC ya turo ƙofa yana goge baki, ya ga an yi shiru, ya ɗauka na gama. Ya yi wa DJ alama a buɗe shi, ya ce, "Jama'a a tafa masa! Tunda nake wannan sana'a ban taɓa jin kiɗa irin wannan ba!" Ɗakin ya fashe. Akwai dattijon da sai da aka ba shi ruwa.

To, gwaggon amarya, mai jan leshin nan da ta hana a raba naman kaza sai ta zo. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta taso a hankali, ta zo har lunguna, ta ce, "Ɗan nan, kada ka sa a ranka, gemun naka ma ba wani mai yawa ba ne." Ta manna mini ɗari biyar a goshi, ta tsaya, ta ce in ba ta canjin ɗari uku. Na laluba aljihu na ba ta. Ina tsammanin an rabu, ina loda kaya a waje sai ga ta. Ɗan wane ne ni? Wace unguwa? Ina da sana'a, ko wannan ce? Na ce, "Gwaggo, ina aiki, wannan sha'awa ce kawai." Ta ce Allah ya yaye. Sannan ta matso, ta rage murya, ta nuna amfilifayar da haɓa. Wai wannan rediyon nawa mai kamo hirar mutane, nawa na saya, kuma yana iya jiyowa ta katanga? Na ce ba haka yake aiki ba. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa mai rowa, ta ce ai ita ma gani ta yi da idonta. Ta karɓi lambata a wajen amarya. Ta kira, ban ɗauka ba, ta turo saƙon murya, wai ba saya za ta yi ba, aro ne na kwana biyu, ranar girkin abokiyar zamanta.

Ƙanin ango kuma, yaron da na taɓa biya wa kuɗin aski, ya ɗauki abin tun daga farko, na gan shi. Amma ya yanke duk inda ake tafa mini, ya fara daga inda nake durƙushe ina kaɗa iska. Na ce ya turo mini cikakken, ya ce wayarsa ta cika ya goge. Dogo ya ce shi bai taɓa cewa in sayi wannan ba, wai na kusa da shi ya nuna. MC ya kira washegari, "Yallaɓai, wallahi da wani nake, wani biki ne daban." Na ce a wancan bikin ma akwai mai jita da gemu? Ya ce ai yanzu sun yi yawa.

Taransifomata dai har yau tana but ɗin motar ango, shi kuma ya kashe waya wai yana amarci. Wayales ɗin na sayarwa ne, in akwai mai so. Ban da Gwaggo.